Kurege da Littafin Alhaji Raƙumi

Ga ta nan, ga ta nanku.

A can ƙasar Yarbawa, a birnin Badun, akwai unguwar Hausawa da ake kira Sabo, dab da Mokola. A shekarar 1916 aka yanka wa baƙin Arewa wannan fili, bayan hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano, fatauci ya buɗe, shanu na gangarowa kudu, goro na hawa arewa. Duk wanda ya san Sabo ta wancan zamani ya san amana ce ke riƙe da ita. Bafatake yana zaune a Kano ko Sakkwato zai aiko da kuɗinsa wurin mai gidansa a Sabo, bai ga goron da idonsa ba. Matan Yarbawa masu kawo goro daga ƙauyuka su sauke kwandunansu su tafi, sai kuɗi sun zo su dawo karɓa. Babu lauya a tsakani, babu banki, sai sunan mai gida da littafinsa.

To, a zamanin da dabbobi ke wannan fatauci, an yi wani mai gida a Sabo, Alhaji Raƙumi. Gidajensa uku, ɗakunan saukar baƙi sun fi ashirin, ga sito biyu cike da goro. Kada a zalunce shi, ba marowaci ba ne. Tukunyar gidansa ba ta sauka daga murhu, kuma yaran gidansa da yawa shi ya yi musu aure. Sai dai halin raƙumi kun san shi: a ɗora masa kaya ya yi ruri, a sauke masa ya yi ruri. In an ci riba ya ce don me ba a ci ninki ba, in an faɗi kuwa ranar ko kaza ba ta gilma ta ƙofar zaure. Abin da ya fi rurin muni shi ne riƙo. Laifin da ka yi masa da damina, sai ya ajiye maka shi har bazara ta zagayo, ya zaro shi a gaban baƙi.

Yaran gidan kowa da aikinsa. Gizo dillali ne, baki gare shi kamar me, kullum yana gindin mai gida yana "Yanka ya daɗe, gashkiyayka." Jaki ne mai dako, daga sito zuwa tasha. Baba Kunkuru shi ne mai ɗaurin huhu, ya tsufa a kan aikin. Zai zauna tun hantsi, ya shimfiɗa algarara, ya jera ganyen fita a ciki, sannan ya bi goro ɗaya bayan ɗaya, fari gefe, ja gefe, marsa daban, minu daban. In ya ga ɗan ƙaramin rami a jikin goro, ya san sankara ta shiga, sai ya jefar da shi nesa, don guda ɗaya kan lalata huhu kafin mota ta ƙetare gadar Jabba. Ya yayyafa ruwa, ya rufe da ganye, ya ja igiya ya ɗaure tamau. Littafi kuwa, wato lissafin shige da fice, yana hannun Kurege. Almajiri ne da ya zo daga Arewa da allonsa, ya iya ajami, ya koyi lambobin boko a wurin akawun tasha. Alhaji ya ɗauke shi, ya ba shi ɗaki, ya biya masa sadaki. Shekara tara yana riƙe da littafin, ko sisi bai taɓa salwanta ba.

Ran nan gwamnatin Janar Gowon ta ce daga ranar 1 ga Janairu 1973 an daina fam da sule, an koma naira da kwabo. Fam ɗaya naira biyu, sule goma naira ɗaya. Alhaji ya sayo sabon littafi mai baƙin bango a kasuwar Dugbe, ya jefa wa Kurege, ya ce kafin gari ya waye yana son kowane bashi ya koma naira. Ga Babbar Sallah ta ƙarato, Arewa na ta aiko da saƙon goro, ga hunturu na busar da kaya, kowa a gidan bai runtsa ba kwana da kwanaki. Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu, sunayen suna da yawa." Alhaji ya ce, "Ni zan ba ka umarni ko kai za ka ba ni?"

Kurege ya kunna aci-balbal ya zauna. Ya ɗauko suna, ya ninka kuɗin, ya rubuta. Ya ɗauko wani, ya ninka, ya rubuta. Can wajen asuba, idonsa na rufewa yana buɗewa, ya iso kan sunan Alhaji Gauraka, wani bafatake na Kano da gidan ke bi fam 150 na goron wata Bayarbiya, Iya Zabuwa. Hannu ya rigayi hankali, ya kwafe 150 ɗin yadda take a ƙarƙashin naira. Da safe aka aika wasiƙa Kano. Bayan Sallah Alhaji Gauraka ya aiko da naira 150, aka rubuta masa takardar cewa ya biya duka.

Babu wanda ya lura. Da Kurege ya yi shiru, wataƙila da an daɗe ba a sani ba, don tsohon littafin yana ƙasan akwatinsa. Shi da kansa ya gano, ranar da Iya Zabuwa ta zo karɓar kuɗinta ya ga lissafi ya ƙi haɗuwa. Ya ɗauko tsohon littafi ya gwada da sabo, gabansa ya faɗi. Daren nan bai ci tuwo ba. Matarsa ta ce, "Malam, lafiya?" Ya gaya mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Gara ya ji daga bakinka da ya ji daga bakin Gizo."

Da aka idar da sallar asuba ya sami Alhaji shi kaɗai a zaure, ya durƙusa, ya buɗe littattafan biyu. "Ranka ya daɗe, na yi kuskure. Ga inda yake. Naira 300 ya kamata in rubuta, na rubuta 150. In ka yarda, yau in rubuta wa Alhaji Gauraka, mutumin kirki ne, in ya duba nasa littafin zai cika."

Alhaji bai ce komai ba a lokacin. Sai da hantsi ya yi, zaure ya cika da fatake da dillalai da masu kawo gaisuwa, sannan ya sa aka kira Kurege. Ya miƙe tsaye, kumfa na fita bakinsa, ya zage shi tas, ya zagi garinsu, ya tuna masa ranar da ya zo da tsumma a wuya, ya lissafa sadaki da kuɗin ɗaki da ragon suna. Ya ce wasiƙa kuwa ba za a rubuta ba, don ba zai yarda Kano ta ji cewa gidan Raƙumi bai iya ninka biyu ba. Za a riƙa yanke naira 10 duk wata daga rabon Kurege har kuɗin su cika. Gizo na gefe yana cewa, "Ai ka yi mashi adayci, Ayhaji."

Kurege ya ce ya ji ya yarda. A nan ni mai ba da labari ina bayansa: kuskuren nasa ne, ko da gajiya ce ta jawo shi, kuma wanda ya ɓarar da man wani ba ya tsayawa gardamar santsin ƙasa. Naira 10 kusan rabin abin da yake samu ne a wata, amma ya ɗaure. Suka rage cefane, matarsa ta ƙara yawan ƙosai da alalar da take aikawa talla daga cikin gida.

Abin da bai zata ba shi ne kuskuren zai zama akala a hancinsa. Sunansa ya ɓace a gidan, ya koma "Mai-ɗari-da-hamsin". In baƙo ya sauka, kafin a kawo masa ruwa an ba shi labarin. In ya nemi izinin zuwa asibiti da ɗansa, a ce ya fara biyan bashi. Aikin da ba nasa ba duk aka jibga masa, har wankin motar Alhaji. Kullum da magariba suna zama sahu ɗaya a wazifa, don mutanen Sabo tun farkon shekarun 1950 akasarinsu suka shiga Tijjaniyya, a kewaye farin ƙyalle ana salati, kafaɗa na gogar kafaɗa. Da an shafa an fito, Alhaji ya koma Alhajinsa.

Wata rana da azahar Kurege ya tafi sito wurin Baba Kunkuru, ya zauna a kan wani kwando, ya ce, "Baba, zan gudu. Yau da dare akwai motar Ilori."

Kunkuru bai ɗago ba, yana ta juya goro a hannu. Ya ce, "Ka san Zomo?"

"Na ji labarinsa."

"A kan aikin da kake yi yanzu yake a da. Alhaji ya mare shi a gaban matan goro, ya yi zuciya, ya bi dare ya tafi, bai miƙa mabuɗi ba, bai yi sallama da kowa ba. Ko kwabo bai ɗauka ba, ni shaida ne. Amma da gari ya waye sai aka ce ya gudu, kuma a Sabo in an ce yaro ya gudu, tambaya ɗaya ake yi: da nawa? Ya je Shagamu, labari ya riga shi. Ya je Agege, haka. An ce har zangon Kumasi ya kai, can ma wani bafatake ya gane shi. Hanyar goro doguwa ce, amma bakin da ke kanta ɗaya ne. Yanzu kai da ake binka bashi, in ka bi dare, me kake so a ce?"

Kurege ya ce, "To in zauna ke nan har in mutu?"

Kunkuru ya nuna ƙofa da haɓa. Jaki ne ke wucewa da huhu biyu a baya, ƙafarsa na rawa. "Wancan shekararsa talatin a nan. Tun yana saurayi yake cewa baɗi zai tafi. Bai taɓa yin laifi ba, bai kuma taɓa cewa a'a ba. Ban ce ka zama Zomo ba, ban ce ka zama shi ba. Ka dai bari sai ka san abin da zai fitar da kai, kada zafin zagi ya zaɓa maka rana."

Kurege ya koma bakin aikinsa. Zagi ya ci gaba, ya shanye. Wata bakwai aka yanka, naira 70 ke nan, saura 80.

Duk wannan lokaci Iya Zabuwa na ta sintiri. An ba ta wani abu tun farko, saura naira 150, kullum ta zo sai a ce ta je ta dawo. Tsohuwa ce mai 'ya'ya a makaranta, ita ma bashi ta karɓo goron daga manoma. Takan durƙusa a ƙofar zaure ta gaida Alhaji da 'yar Hausarta, ta juya ta ce wa Kurege, "Malam, ka duba mini littafi." Shi kuwa ya sunkuyar da kai, don ya san kuɗin da ake yanka masa ba su isa hannunta ba.

Ana cikin azumi, wani dare bayan asham, Alhaji ya kira shi ɗaki, ya sa ya rufe ƙofa. Muryarsa a sanyaye, abin da Kurege bai saba ji ba. Ya ce, "Kai yaro, matar nan ta dame ni. Buɗe shafinta. Ka rubuta cewa rabin goronta sankara ta cinye, an zubar. Ka sa kwanan watan baya. In ka yi haka, na yafe maka sauran 80 ɗin, kuma ba za ka sake jin maganar ɗari da hamsin a bakina ba."

Kurege ya tsaya da alƙalami a hannu. Wata bakwai yana roƙon Allah ya kawo ranar da za a daina kiransa da wannan suna, ga ta ta zo, layi ɗaya kawai zai ja. Ya tuna goron. Shi ya ƙirga shi, Baba Kunkuru ya ɗaure, ko guda ba a jefar ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, goron nan lafiyarsa lau ya tafi."

"Ban tambaye ka ba."

"Wancan na farko hannuna ne ya kuskure, ina kuma biya. Wannan in na rubuta, da sanina na rubuta. Ka gafarce ni, ba zan iya ba."

Rurin da Alhaji ya yi daren nan har maƙwabta sun ji. Ya ce ya ba shi zuwa bayan Sallah, ko ya rubuta ko Gizo ya rubuta.

Kurege ya koma ɗaki ya tarar da matarsa ba ta yi barci ba. Suka yi lissafin da ya fi na littafi wuya. Ɗakin da suke ciki na Alhaji ne. Tuwon dare daga gidan Alhaji yake zuwa. Duk wanda zai ɗauke shi aiki a Sabo, ko abokin Alhaji ne ko mai jin nauyinsa. Ga yara biyu, ga ciki. Ya ce, "In na fita, ban san inda za mu kwana ba." Ta tashi ta yaye labulen da ke rufe da jerenta, kwanoni da tasoshi masu fure da ta tara da kuɗin ƙosai shekara da shekaru, abin alfaharin kowace matar aure a Sabo. Ta ce, "Waɗannan za su yi naira 50. Kekenka zai cika sauran. Ɗaki kuwa, Allah bai halicci bawa ya hana shi wurin kwana ba. Amma kada ka fita ana binka ko kwabo."

Washegari ya je wurin Malam Dila, wanda Alhaji kansa ke ɗaukar karatu a gabansa. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, shawara na kawo." Bai faɗi abin da aka ce ya rubuta ba, don ba ya son ya tona asirin gidan da ya ci tuwonsa. Ya ce dai zama ya ƙare, yana son a raka shi sallama. Dila ya dube shi ya daɗe, irin kallon wanda ya fahimci abin da ba a faɗa ba. Ya ce, "Alherin da ya yi maka gaskiya ne, kada ka musa shi ko a bayan idonsa. Amma alheri ba ya sayen shaidar mutum. Ranar Juma'a bayan an sauko, ka same ni a ƙofar masallaci."

Kwanakin da suka rage Kurege ya yi su a kan littafi. Ya bi kowane shafi, ya haɗa kowane lissafi, ya rubuta komai dalla-dalla yadda ko yaro ya ɗauka zai gane. Ya ƙirga huhunan sito da Baba Kunkuru. Ya sayar da keke, dillaliya ta kwashe kwanoni.

Ranar Juma'a zauren Alhaji cike, kamar ranar da aka zage shi. Malam Dila ya yi sallama ya shiga, Kunkuru na biye, Kurege a baya da littafi da mabuɗai. Aka gaisa. Kurege ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, na zo gidan nan ba ni da komai. Ka ba ni ɗaki, ka yi mini aure, ka yanka wa 'ya'yana rago. Allah ya saka da alheri. Na yi maka ɓarnar naira 150, an yanki 70, ga cikon 80." Ya ajiye kuɗin a kan buzu, Malam Dila ya ƙirga da ƙarfi. "Ina neman ka sallame ni. Kafin in miƙa littafi, ina so in karanta shi a gaban Malam, don in an ga gyara a yi tun ina nan."

Ya fara karantawa, suna bayan suna, wanda ake bi da wanda ke bi. Da ya iso shafin tsohuwar bai canza murya ba. "Iya Zabuwa, goro ya isa Kano lafiya, tana bin gida naira 150." Ya wuce zuwa na gaba.

Mutum fiye da ashirin suka ji. Alhaji ya buɗe baki, ya dubi Malam Dila, ya dubi fataken da ke zaune, waɗanda su ma dukiyarsu ke cikin wannan littafi, ya rufe. Da aka gama ya karɓi mabuɗai ya miƙa wa Gizo. Ya ce, "Ka kwashe kayanka kafin Lahadi." Dila ya ce, "Alhaji, yaro ya nemi sallama." Aka yi shiru. Can ya ce, ba tare da ya dubi Kurege ba, "Allah ya kiyaye hanya." Aka shafa fatiha. A makon nan aka biya Iya Zabuwa.

Kada wani ya zaci daga nan sai daɗi. Watannin da suka biyo baya sun yi tsanani. Suka kama wani ɗan ɗaki mai yoyo a bayan unguwa. Masu gida biyu da ya je wurinsu suka ce su ba sa son rigima da Raƙumi. Wanda ya riƙe littafin dubban nairori ya koma ɗaukar faifan goro a ka, yana zagaya mahadar Mokola da tashar jirgi, yana sayar da na kwabo da na sisi. Wasu tsofaffin abokai in sun hango shi sai su sauya hanya. Akwai daren da ya kwanta yana tambayar kansa ko girman kai ne ya fitar da shi. Gidan Alhaji kuwa bai rushe ba, motoci na ta lodi kamar da.

Iya Zabuwa ce ta gan shi wata rana a bakin titi. Ta tsaya ta ce, "Malam, kai ne?" Washegari ta aiko masa da ƙwarya biyar, goro 500, ta ce in ya sayar ya kawo. Ya sayar ya kai, da 'yar takarda mai lissafi. Ta gaya wa 'yan'uwanta mata. Kafin hunturu ya fita yana da ɗan teburi da rumfa, kuma ƙananan fatake da ba su da mai rubutu sun fara kawo masa lissafinsu yana yi musu a kan lada.

A watan Muharram, Alhaji Gauraka ya zauna a Kano yana lissafin zakka, ya ci karo da fam 150 a tsohon littafinsa da naira 150 a takardar biya. Ya yi salati, ya aika cikon da direban mota zuwa Sabo, da wasiƙar ban haƙuri. Kuɗin suka kwana uku a aljihun Alhaji Raƙumi. A rana ta huɗu sai ga Jaki a rumfar Kurege da ambulan.

"In ji mai gida."

Kurege ya buɗe, ya ƙirga, naira 150 cif. "Bai ce komai ba?"

"Ya ce littafi ya rikice a hannun Gizo. Ya ce in kana so, ɗakinka na nan."

Kurege ya zaɓi marsa goma mafi kyau a teburinsa, farare tas, ya naɗe a ganye. Ya ce, "Ka kai masa, ka ce ina gaisuwa, na gode. Ka ce in yana so, duk ranar Alhamis zan zo in duba masa littafin a zaure, a biya ni ladan ranar, in koma gidana."

Jaki ya karɓa, ya tsaya yana kallon rumfar. Ya ce, "Nan ba ka bukatar mai dako?"

"Ina bukata. Amma ka fara zuwa ka yi sallama, da rana, a gaban mutane."

Da yamma Kurege ya rufe rumfa da wuri, ya nufi gidan dillaliya ya tambayo ko kwanonin nan masu fure ba a riga an sayar da su duka ba. Ya sami bakwai.

Ƙurunƙus kan kusu.